Hancin Aro

Duk wanda ya taɓa aiki a matatar ruwan datti ta bayan gari, ko da na wata guda ne, ya san Hanci. Sunansa na yanka yana nan a takardar ɗaukar aiki, amma ko akawun da ya rubuta shi da wuya ya tuna. Gajeren mutum ne mai furfura a gemu, kullum cikin takalmin roba mai kaiwa gwiwa. Hancin nasa kuwa ba wani babba ba ne, har baƙi kan ji kamar an cuce su idan aka nuna musu shi. Aikin hancin ne ya jawo sunan.

Lebura ya zo, lokacin da ake haƙa tafkunan, shekara goma sha tara da suka wuce. Aka gama haƙa, aka sallami leburori, shi ya ƙi tafiya. Ya yi ta tambaya, me za a zuba, me zai fito, har manajan wancan lokacin ya gaji ya ce a ba shi tsintsiya da bokiti ya daina cika masa kunne. Daga shara ya koma buɗe famfo da rufewa, daga nan ya zama shi ne mai tafkuna, ba tare da an taɓa rubuta hakan a ko'ina ba.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. Ruwan da gari ya gama da shi, na wanka da na wanke-wanke da na bayan gida, yana biyo bututu ya zo nan. A tace tarkace, a bar laka ta kwanta, sannan a sake shi cikin tafkuna huɗu na siminti, dogaye, zurfinsu bai kai gwiwa ba. Kowanne yana da katanga a tsakiya da farfela mai tura ruwan ya yi ta zagaye. A cikin ruwan akwai gansakuka, ba irin mai zare-zaren nan ta bakin rijiya ba, wata 'yar mitsitsiya ce da ido ba ya ganin ƙwayarta, sai dai ka ga ruwa ya yi kore shar. Ita ke cinye dattin. Bayan kwana biyar ko shida ruwan ya fita fes, ya gangara wajen masu lambu.

Sai dai gansakuka 'yar gata ce. Tana son rana, ba ta son zafi. A digiri talatin tana cikin nishaɗi, a talatin da biyar ta fara ƙorafi, idan ruwa ya daɗe a arba'in ta mutu. Saboda haka rayuwar Hanci kaf ta tafi a rarrashi. Lokacin sanyi ya rage zurfin ruwa don rana ta ɗumama shi. Lokacin zafi ya ƙara zurfi, ya ɗaura ragar inuwa a kan sanduna, ya sa a kawo ruwan sanyi daga rijiyar burtsatse. Mugun halinta guda shi ne, ba ta mutuwa a fili. Sai ta riga ta mutu daga ciki, ruwan kuwa ya ci gaba da zama kore kwana ɗaya ko biyu kamar ba abin da ya faru. Ma'aunin zafi zafi kawai yake faɗa, ba ya faɗin ko da sauran rai.

A shekararsa ta uku, wata safiya ya durƙusa a bakin tafki na biyu, ya ɗebo ruwa a tafin hannu, ya shinshina, ya je ya gaya wa manaja cewa wannan ba zai kai jibi ba. Manaja ya leƙa ya ga kore, ya duba ma'auni, ya ce masa ya je ya karya kumallo, yunwa ce ke damunsa. Jibi da safe tafkin ya koma ruwan ƙasa, wari ya kori har maigadi daga ƙofa. Tun daga ranar aka daina kiran sunansa. Manajoji suka zo suka tafi, kowanne da takardunsa, kuma kowanne sai ya tsaya da safe ya jira abin da Hanci zai ce.

Idan tafki ya mutu, ana wanke shi a ɗebo iri daga maƙwabcinsa, cikin sati guda ya sake yin kore. Muddin ɗaya yana raye, duk suna raye. Irin da ke wurin tun na farko ne, ya saba da ruwan garin da ranar garin. An taɓa sayo wani daga nesa a cikin jarkoki masu lamba, bai yi sati ba ya sheƙa. Hanci bai taɓa bari huɗun su mutu tare ba, kuma ya san abin da hakan ke nufi: wata biyu ana sakin ɗanyen ruwan datti, ko dai a lambunan mutane ko a titinsu.

Matarsa tela ce, unguwa duk Anti Tela ake ce mata, shi kuma ya yanke Antin. Da za su yi aure yayyenta maza sun yi ta tsiya, suna toshe hanci idan ya juya baya. Ita ta ce ta ji ta gani, aikinsa halal ne, amma da sharaɗi biyu: zai tuɓe kayan aiki a bakin ƙofa, kuma ƙafarta ba za ta taɓa taka wurin ba. Idan masu kawo ɗinki suka tambayi aikin maigida, sai ta ce a wajen ruwa yake, ta taka keke da ƙarfi. Sun haifi uku, duk sun girma sun bar gida. Sharuɗɗan nan biyu kuwa suna nan daram.

Shekara shida da suka wuce zazzaɓi da mura suka kwantar da shi sati biyu. Ya tashi, ƙarfi ya dawo, cin abinci ya dawo, hanci bai dawo ba. Ya gane ne ranar da tukunya ta ƙone a gabansa yana zaune yana gyaran rediyo, sai da Tela ta fito daga ɗaki da gudu tana tambayarsa ko so yake gidan ya kama. Ya ɗauki tukunyar, ya cusa fuska a ciki, bai ji komai ba. Likita ya ce wasu yana dawo musu, wasu ba ya dawowa, a yi haƙuri.

Ya yi niyyar faɗa a wurin aiki, Allah ya sani ya yi niyya. Sau uku yana zuwa ƙofar ofis yana komawa. Mutum ne da bai yi boko ba, ba shi da takarda ko ɗaya da zai rataya a bango. Abin da yake da shi ke nan a duniya, kuma tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, cewa idan aka cire hancin abin da zai rage tsohon lebura ne mai tsintsiya.

Tela ce ta kawo dabara, bayan ta gaji da ganinsa yana zuga tagumi. Ta zaro ƙyallaye huɗu daga ragowar ɗinki: ja na tafki na ɗaya, shuɗi na biyu, rawaya na uku, fari na huɗu. Kafin ya tashi daga aiki ya tsoma kowanne a tafkinsa, ya ƙulle a ledarsa daban, ya jefa a akwatin babur. A bakin ƙofar kicin za ta kwance su ɗaya bayan ɗaya. Da farko shi ya koya mata, da baki, cewa warin mai lafiya yana kama da abu kaza, na mai ciwo yana kama da abu kaza. Kafin shekara ta fi shi a zamanin da yake ji. Sai ta ce ja lafiya lau, shuɗi ya ɗan yi tsami a ƙarshe, a kula da shi, fari yana jin yunwa. Washegari ya durƙusa a bakin tafki, ya ɗebo, ya shinshina, ya rufe ido, ya maimaita abin da ta faɗa jiya.

"Na ce ba zan je ba," in ji ta, kusan kullum, "shi ne ka kwaso wurin ka kawo mini gida."

Haka suka yi shekara shida, ba wanda ya sani, har 'ya'yansu.

Bana zafi ya zo da wani irin fushi. Ranar Litinin wata guguwa marar ruwa ta yayyaga ragogi uku cikin huɗu, ta rataye su a kan wayar katanga. An rubuta neman sababbi, an ce suna hanya, kowa kuma ya san tsawon wannan hanyar. Rijiyar burtsatse ta ja baya, yini guda ana janta kafin ta cika tanka ɗaya. Abin da ya fi tayar wa Hanci hankali kuwa ba wanda zai iya gaya wa. Ƙyallayen sun daina magana. Tafiyar minti arba'in ce a babur, ledojin na dahuwa a cikin akwatin ƙarfe, kafin ya isa gida duk huɗun sun ruɓe, warinsu ɗaya. Ya naɗe su a jiƙaƙƙen tawul, bai yi ba. Kwana uku a jere Tela tana kwancewa, ta shinshina, ta ɗago ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, ba ta iya rabewa. Kwana uku a jere shi kuma yana durƙusawa da safe ya ce suna da sauran rai.

Wadda yake gaya wa hakan Injiniya ce, wata takwas da zuwanta, sa'ar 'yarsa ta biyu. Baba take ce masa, kuma ba Baban fatar baki ba. Ta zo da na'urorinta da lissafinta, amma ba ta taɓa yi masa kallon da wasu suka yi ba. Har ta ce wata rana za ta zauna ta rubuta duk abin da hancinsa ya sani. Ranar da ta faɗi haka bai iya cin abinci ba.

Alhamis da ƙarfe goma da rabi ma'auni ya nuna talatin da bakwai a duk tafkunan, rana kuwa ko tsakiya ba ta kai ba. Injiniya ta fito daga ofis da takarda a hannu, ta kira shi da direban tanka ƙarƙashin bishiyar da ke bakin famfo. Ta yi musu bayani a gajarce. Yau za a fi kowace rana zafi. Na'urarta mai auna iskar cikin ruwa tana wajen gyara, idan kuma ta aika ruwa ɗakin gwaji sai gobe za a ji. Idan aka raba tankar nan huɗu, ko digiri ɗaya ba za ta rage wa kowanne ba. Idan aka juye ta a tafki ɗaya, aka ɗaura masa ragar da ta rage, zai iya sauka da huɗu ko biyar, ya tsallake yinin. Sauran ukun sai dai a yafe su.

"Amma kada mu zuba wa gawa," ta ce. "Baba, ka zaɓa mana mai rai."

Ya ce to. Me zai ce?

Ya fara da na huɗu, don ya ja lokaci. Simintin bakin tafkin ya ƙona masa gwiwa ta cikin wando. Ya ɗebo, ruwan ɗumi kamar na wankan jariri, ya kai hanci, ya rufe ido, ya ja iska har ƙirjinsa ya yi zafi. Ko Allah zai dube shi yau. Babu komai. Ya bi na uku, na biyu, na ɗaya, Injiniya na biye da shi da biro a hannu, Direba na biye da ita. Na uku ya ɗan koɗe, da kumfa a gefe. Na ɗaya kuwa kore ne shar, ya fi kowanne kyau. Shi ne wanda ya fara zuba wa iri da hannunsa, shi yake kira babban yaya. Ido ya ce na ɗaya, zuciya ta ce na ɗaya, shi kuma ya fi kowa sanin cewa idon nan ne ya yaudari manaja shekara goma sha shida da suka wuce.

Ya ce na ɗaya.

Injiniya ba ta ko tambaye shi dalili ba, ta rubuta. Direba ya tafi da sauri ya tayar da mota, ya fara yin baya a hankali, ƙararrawarta na ƙara. Ma'aikata biyu suka jawo ragar. Aka warware tiyo, aka jefa bakinsa cikin tafki na ɗaya, Direba ya sauko ya dafa kan famfon tankar, ya kalli Hanci yana jiran ya ɗaga hannu kamar yadda aka saba.

Hannun ya ƙi ɗaguwa. Ya tuna masu lambun gangare, waɗanda ke ɗaga masa hannu idan ya wuce, wani lokaci su cusa masa latas a akwatin babur. Ya tuna irin da ya yi shekara goma sha tara yana rarrashi. Ɗaya cikin huɗu ne ya dace, uku cikin huɗu ne ya kashe su duka, kuma idan sun mutu ba wanda zai zarge shi, za a ce zafi ne. Wannan ne ya fi ba shi tsoro, yadda abin zai yi sauƙi.

"Kada ka buɗe," ya ce.

Direba ya ɗauka wasa ne, ya ce ko hancin ya canza shawara. Hanci bai kalle shi ba, Injiniya ya kalla.

"Ranki ya daɗe, ba na jin wari. Ba na jin ƙamshi. Ko man fetur kika zuba mini a hannu ba zan ji ba."

"Tun yaushe, Baba? Mura ce?"

"Shekara shida."

Farfela na ta dukan ruwa. Ya ga fuskarta ta canza, ba ta ɗaga murya ba, amma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ta duba takardar hannunta, inda ta rubuta na ɗaya, ta ja layi a kai. Sannan ta ce ai wata takwas ke nan tana duba abin da yake faɗa da abin da na'ura ke nunawa, bai taɓa kuskure ba, to wa ke gaya masa? Ya ba ta labarin ƙyallayen a tsaye, a gaban Direba, a gaban ma'aikatan da suka saki raga suka matso. Bai taɓa jin kunya irin ta wannan minti biyun ba.

Ta duba agogo. Sha ɗaya da minti goma.

"Kira ta."

Wayar ta daɗe tana ƙara kafin ta ɗauka. Yana jin keken ɗinki na tafiya.

"Tela, na faɗa musu."

Keken ya tsaya.

"Ina so ki zo."

"Malam, ka san abin da na ce."

"Na sani."

Sannan ta tambaya, da wata murya da bai saba ji ba, "Ja fa? Yana nan?"

"Ban sani ba. Shi ya sa."

Ta ce a zo a ɗauke ta, kuma kada a tsaya gaisuwa. Injiniya ta shiga motarta da kanta, ya yi mata kwatancen gidan, ta fita har tana tayar da tsakuwa.

Jiran ya fi komai wuya. Hanci ya sa aka mayar da tankar ƙarƙashin bishiya, aka jiƙa buhuna aka lulluɓe ta, don ruwan cikinta ma ɗumi yake yi. Ya rufe mafitar duk tafkunan don su ɗan ƙara zurfi. Bayan haka babu sauran abin yi sai zagaye da ma'auni. Talatin da takwas. Talatin da takwas da rabi. Direba, mutumin da ba ya iya minti biyar bai tsokani wani ba, ya kawo masa ruwa a kofi ya miƙa masa da hannu biyu bai ce uffan ba. Da ya yi masa tsiyar da ya saba da ya fi.

Sha biyu da rabi motar ta shigo. Tela ta fito da tef ɗin awo a wuya, allura soke a bakin mayafi, silifas ɗin gida a ƙafa. A bakin ƙofa warin wurin ya tare ta, ya ga ta tsaya cak. Ba ta toshe hanci ba. Ta gyara mayafi, ta tako, ta gaida kowa da kalma ɗaya, ta dubi dogayen tafkunan da ta yi shekara shida tana yi wa hukunci ba ta taɓa gani ba.

"Wanne ne ja?"

Ba wanda ya gane sai shi. Ya nuna mata. Ta ce ashe haka yake da girma, shuɗi kuma ta ɗauka ya fi haka. Injiniya ta ɗebo mata ruwa a kofi, ta ce a'a, ita ba ta san su a kofi ba. Ta zaro sababbin ƙyallaye huɗu daga jaka, ta miƙa wa mijinta. Ya tsoma jan, ya matse kamar kullum, ya ba ta. Ta kai hanci, ta daɗe, ta sauke, ta sake kaiwa. Sannan ta dube shi, shi kaɗai.

"Ja ya tafi, Malam. Tun jiya, ina jin."

Ya kalli tiyon da har yanzu bakinsa ke kwance a gefen tafkin.

Shuɗi bai ɗauke ta lokaci ba, ta ce yana kan hanya. Matsalar tsakanin rawaya da fari take. Ta shinshina wannan, ta shinshina hannun rigarta don ta wanke hanci, ta shinshina wancan. Ta sa aka sake tsoma su daga can ƙarshen tafki, nesa da farfela. Gumi na ɗiga daga haɓarta. Ma'aikacin da ke riƙe da ma'auni ya ce talatin da tara. Injiniya ta ce, a hankali, "Mama, lokaci."

"Rawaya."

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba, 'yata. Amma shi kaɗai ne bai yi tsami a ƙarshe ba."

Duk suka juya suka kalli tafki na uku, koɗaɗɗe, mai kumfa, wanda ko a kyauta ba wanda zai zaɓa. Daga nan, abin mamaki, suka kalli Hanci. Idonsa na ce masa fari ya fi. Ya ce a kai tanka na uku.

Daga nan aikin ya dawo hannunsa. Ya hana Direba buɗe famfon gaba ɗaya, domin sanyin farat ɗaya ma kisa yake yi. Aka sa bakin tiyo a gaban farfela, ruwan na shiga kaɗan-kaɗan tana gauraya shi. Ya sa aka ɗaga ragar tsawon kamu biyu sama da ruwa don iska ta riƙa ratsawa, aka karkata ta wajen da rana za ta faɗi. Ya shiga ruwan da takalminsa ya ɗaure igiyar tsakiya da kansa. Tela ta zauna a kan bulo ƙarƙashin bishiya, ta ƙi a mayar da ita gida. Ƙarfe biyu sauran tafkunan suka kai arba'in da ɗaya. Na uku ya tsaya a talatin da shida, ya sauko talatin da biyar, ya zauna a nan har la'asar.

Kafin a tashi Injiniya ta kira shi ofis. Ta ce ba za ta ɓoye masa ba, ranta ya ɓaci, wata takwas yana durƙusawa a gabanta yana rufe ido. Dole ta rubuta abin da ya faru, kuma za ta nemi na'ura ta biyu don kada tafkunan gari su sake dogara da leda a akwatin babur. Ta ƙara da cewa za ta rubuta har da wanda ya ce kada a buɗe. Ya ce ya gode, duk abin da ta rubuta daidai ne. A hanyar gida Tela na bayansa a babur, da suka kusa ta ce ya bi a hankali, ramin nan yana nan.

Juma'a da sassafe suka dawo tare, ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Tun daga ƙofa ya ga maigadi ya ɗaure hanci da hankici. Na ɗaya, na biyu da na huɗu sun koma ruwan ƙasa, da wani farin yauƙi-yauƙi a sama. Direba ya taho da sauri ya tare su, ya buɗe baki zai kira sunan da ya yi shekaru yana kira, sai ya haɗiye, ya ce, "Ina kwana, Baba." Hanci ya amsa. Ya san sunan ya tafi ke nan, kuma ya ji zafinsa har cikin ƙashi.

Ƙarƙashin ragar, rawaya na zagaye. Har yanzu koɗaɗɗe ne, amma kumfar ta baje. Ya tsoma ƙyallen ya ba ta, Injiniya na tsaye a gefe da hannu a ƙirji. Tela ta shinshina sau ɗaya, ta ce yana nan, yunwa kawai yake ji, a ba shi abinci. Injiniya ta juya da sauri ta tafi ba da umarnin a fara wanke sauran ukun, Direba ya bi ta yana ta surutu, bakinsa ya dawo.

Suka rage su biyu. Shekara shida abin da yake tambayarta ɗaya ne, lafiya ko ba lafiya, don shi ne abin da zai kai wurin aiki. Yanzu ba shi da wanda zai kai wa. Ya durƙusa a kan simintin da bai riga ya yi zafi ba, ya ɗebo ruwan a tafin hannu, ya tsaya yana kallonsa.

"Tela, yaya yake? Ba lafiyarsa ba. Ƙamshin. Na manta."

Ta tsuguna kusa da shi, mayafinta na taɓa ruwan, ta kama hannun nasa ta kai hancinta.

"Kamar ciyawar da aka yanka da safe," ta ce. "Da ɗan ƙasa-ƙasa a ƙarshe, irin na sabon tulu."

Ya kai hannun nasa hanci, ya ja iska a hankali. Wannan karon bai rufe ido ba. Ruwan na zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Sake faɗa mini," ya ce.